Gindin tumatir na yin baƙi, wasu na tsagewa: feshi ne maganin ko ban ruwa?

Sabon Manomi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku duba min wannan lamari. Tumatir ɗina ya tashi lafiya, ganye kore shar, ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya. Da 'ya'yan suka kai kusan rabin girmansu sai wani tabo ya fara fitowa a gindinsu, wato can ƙasa inda furen ya bushe ya faɗi. Da farko wurin yakan yi kamar ya sha ruwa, daga nan ya koma ruwan ƙasa, ya faɗaɗa, ya lotsa, ya yi baƙi ya bushe ƙamas. Waɗanda abin ya taɓa sukan riga sauran yin ja. Na fesa maganin ƙwari, na fesa na fangas, babu abin da ya canza. Dogon iri ne, nau'in Roma. Wace cuta ce, kuma me ake fesa mata?

Alhaji Mai Taki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kalsiyam ne ya yi wa shukarka ƙaranci. Ka nemi takin ruwa mai kalsiyam da boron ka riƙa fesawa duk mako da yamma. Ka daina ɓarnar maganin ƙwari.

Malamin Gona: Alhaji ya yi daidai da ya ce a ajiye maganin ƙwari. Wannan ruɓewar gindi ce, ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma ba ta tsallakawa daga wannan tushe zuwa wancan. Baƙin da ke kan tabon sau da yawa fumfuna ce ta hau naman da ya riga ya mutu, shi ya sa ake zaton fangas ne tushen abin. A wajen feshin kalsiyam ne nake da ja. Amma tukuna, Sabon Manomi, yaya kake ban ruwa? Wane taki ka sa bayan dashe? Kuma 'ya'yan farko ne abin ya fi kamawa ko har da na sama?

Sabon Manomi: Malam, ƙasar mai yashi ce. Ruwa kuwa sai yadda hali ya yi. Wani lokaci inji ya ƙi tashi, fangali ya bushe har ganye ya yi yaushi da rana, in na samu dama sai in cika shi taf don in rama. Taki NPK na sa lokacin dashe, da ya fara fure na bi shi da yuriya da ɗan yawa. 'Ya'yan ƙasa na farko su suka fi lalacewa.

Malamin Gona: To ai ga amsar nan a bakinka. Kalsiyam ba ya tafiya a jikin shuka sai cikin ruwan da saiwa ta zuƙo, ruwan nan kuma inda aka fi jansa can yake nufa. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake fitar da tururi duk yini, don haka shi ke kwashe kaso mai tsoka. Ɗan tumatir ba shi da irin waɗannan ƙofofi, fatarsa shafe take da kaki, jan ruwansa kaɗan ne. Yawancin ruwan da ke cika shi ma ta wata hanya daban yake shigowa, hanyar da ke kawo sukari daga ganye, ita kuwa kusan ba ta ɗauke da kalsiyam. Ɗan abin da ya shigo ta hanci, wato inda ɗan ke maƙale da reshe, kafin ya kai gindi ya ƙare. Dalilin ke nan da dogon iri irin Roma ya fi shan wannan wahala, ƙananan tumatir ɗin nan masu fitowa a cure kuwa da wuya ka ga sun yi.

Aikin kalsiyam shi ne ɗaure bangon ƙwayoyin naman. A makonni biyu zuwa uku na farko bayan fure ya ɗaura, lokacin da ɗan ke kumbura da sauri, in ruwa ya yanke ko na ɗan lokaci ne, ƙwayoyin da ke gindi sai su tashi babu ƙwari, su fashe su mutu. Tabon da ka gani yau, tun kwanakin baya aka yi ɓarnarsa.

Cika fangali taf ɗin da kake yi don ramuwa ma wata ɓarnar ce. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya kwanta a kanta, siraran gashin da ke zuƙo abinci sai su mutu. Ga yuriya kuma: kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, in ta shiga ƙasa tana komawa amoniyam, shi kuma amoniyam yana kokawa da kalsiyam a bakin saiwa. Bayan haka tana sa ganye ya yi yabanya, ganye mai yawa kuwa ƙarin masu jan ruwa ne. Ƙasa da yawa suna da isasshen kalsiyam a cikinsu, isar da shi ga 'ya'yan ne ke gagara.

Alhaji Mai Taki: Malam, bayani ya yi daɗi, amma ni abin da idona ya gani nake faɗa. Mutane suna fesawa, bayan mako biyu uku abin ya tsaya. In feshin ba ya aiki, me ya tsayar da shi?

Injiniya Mai Rumfa: Alhaji, da izininka in sa baki. Ni a rumfar leda nake noma. Ruɓewar gindi ta fi kama zubin farko, lokacin da saiwa ba ta gama bazuwa ba shuka kuma tana ruga girma. Da saiwa ta kafu, sau da yawa abin yakan lafa don kansa ko an fesa ko ba a fesa ba. Sannan duk wanda ya tsorata har ya fara feshi, za ka tarar ya fara kula da ban ruwa ma a lokaci guda. Sai feshi ya ci sunan aikin da ruwa ya yi.

Kalsiyam da ya sauka a kan ganye a ganyen yake zama, ba ya juyawa ya gangara cikin 'ya'ya. Abin da zai iya amfani shi ne ɗigon da ya faɗa kai tsaye a kan ɗan tumatir tun yana ƙanƙani, kafin fatarsa ta yi kauri. Ko shi ɗin taimako ne ƙalilan. Wanda ke son ya raba gardama, ya bar layi ɗaya bai fesa ba, ruwa da taki iri ɗaya da sauran, ya ƙirga ruɓaɓɓu a kowane layi.

Alhaji Mai Taki: Amma ai ku masu rumfa kun fi kowa sayen kalsiyam, Injiniya. Ko ƙarya na yi?

Injiniya Mai Rumfa: Ba ka yi ƙarya ba, Alhaji. Kalsiyam naitiret muke saye, mai kusan kashi 19 na kalsiyam da 15.5 na naitirojin, amma ta saiwa muke ba shi, cikin ruwan ɗigo, kullum kaɗan kaɗan. Kuma mu dole ne, domin masu shuka a ɓawon kwakwa ko makamancinsa ba su da ƙasar da za ta ba su. Wanda zai gwada ya kiyaye: kada a haɗa shi a tanki ɗaya da takin fosfet ko na salfet suna da kauri. Za su dunƙule su kwanta fari a ƙasan tankin, su toshe ƙofofin bututu.

Alhaji Mai Taki: Ni dai har yanzu ina ganin a haɗa biyun, ruwa da feshi. Ba ya cutarwa.

Malamin Gona: In ban da ƙona ganye da nau'in kalsiyam kulorayid ke yi idan aka fesa cikin zafin rana ko aka cika masa hannu, gaskiya ba ya cutar da shuka. Inda yake cutarwa shi ne mutum ya fesa ya koma ya kwanta, yana ganin ya yi magani.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, mu da toka muka san ana gyara irin wannan. Wasu yaran kuma na ji suna cewa a daka ɓawon ƙwai a zuba a gindin. Me kuka ce?

Malamin Gona: Allah ya ƙara girma, Baba. Toka tana da kalsiyam da fotash, kuma tana rage tsamin ƙasa. Tumatir ya fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta, wato pH, ke tsakanin 6 da 6.8. In ƙasa ta yi tsami ƙasa da haka, toka kaɗan da aka cakuɗa tun kafin dashe tana amfani. In kuwa ƙasar dama mai kanwa-kanwa ce, toka ƙara dagula ta za ta yi. Kada kuma a zuba ta tare da yuriya, naitirojin ɗin zai tashi ya bi iska. Wanda gwajin ƙasa ya nuna masa ƙarancin kalsiyam alhali ƙasar ba ta da tsami, jibsam, wani farin ma'adini, ya fi dacewa da shi, domin yana ba da kalsiyam ba tare da ya ɗaga pH ba.

Ɓawon ƙwai kalsiyam ne da gaske, sai dai kafin ya narke an daɗe da cire tumatir ɗin. A jefa shi cikin takin da ake ruɓarwa, ya yi wa shukar gaba amfani.

Ummu Lambu: Ni kuma a wani bidiyo na ga ana zuba gishirin Epsom.

Injiniya Mai Rumfa: Yaya, ki rufa wa tumatir ɗinki asiri. Gishirin Epsom magniziyam ne, babu ɗigon kalsiyam a cikinsa, kuma shi ma kishiyar kalsiyam ne a wajen saiwa. Ƙara ruɓewar zai yi. Haka ɗanyen kashin kaji da bai ruɓa ba, amoniyam da gishiri sun yi masa yawa.

Sabon Manomi: To yanzu ni me zan yi da wanda ke ƙasa?

Malamin Gona: Tsinke duk wanda ya yi tabo ka yar, ba zai warke ba, abincin 'yan'uwansa kawai yake ci. Dakatar da yuriya. Ruwa kaɗan kaɗan akai-akai, tunda yashi ba ya riƙe danshi. A yanayi matsakaici tumatir mai 'ya'ya yana shan kamar lita 25 zuwa 40 a kowace murabba'in mita a mako, in zafi da busasshiyar iska suka tsananta ya fi haka, kuma a rarraba shi, kada a zuba a zama ɗaya. Kada ka jira ganye ya yi yaushi ya gaya maka. Tona da hannu zurfin taƙi guda kusa da tushe, ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule ta kuma wargaje da ka taɓa ta da yatsa, daidai ne. In ta zube tun kafin ka buɗe hannu, ka makara. In ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa.

Sannan ka lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu, ka bar ɗan fili kewaye da karan. Wajen noma kuma kada fartanya ta nutse kusa da tushe, ciyawar da ke nan da hannu ake cire ta. Yawancin saiwar da ke ciyar da tumatir ɗin dashe tana kusa da saman ƙasa.

Hajiya Mai Tumatir: Salamu alaikum, sai yanzu na shigo. Tawa matsalar daban ce. Nawa gindinsa lafiya lau, amma da ya fara ja, aka yi ruwan sama mai ƙarfi bayan an daɗe ba a yi ba, washegari na tarar sun dare. Wasu tsagar ta taso daga hanci ta gangaro, har ana hango naman ciki. Wasu kuma ta zagaye kafaɗar zobe-zobe. Kafin a kai ga sayarwa ƙananan ƙudaje sun cika su, sun fara tsami.

Baba Dattijo: Hajiya, wannan kam ko ni na san shi. Kamar yaro ne da ya ci ya ƙoshi cikin rigar bara. Ciki ya kumbura, fata ba ta bi ba.

Malamin Gona: Baba ya gama magana. Tumatir in ya kusa nuna fatarsa ta daina miƙewa sosai. Saiwa ta sha ruwa da yawa farat ɗaya, naman ya kumbura, sai fatar ta yage. Har ta wajen hanci da ƙananan tsagogin fata ruwan sama yana shiga. Mai gangarowa daga hanci ta fi muni, domin tana da zurfi kuma ba ta cika warkewa ba. Mai zobe takan bushe ta yi tabo, sai dai ta rage wa kaya daraja. Kin ga ita da ruɓewar gindi uwarsu ɗaya, ƙasa ta bushe ƙamas sannan ta jiƙe sharkaf. Wanda ƙasarsa ke da danshi daidai kafin ruwan sama ya sauko, tsagewarsa ba ta kai ta wanda ƙasarsa ke ƙishi ba.

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, amma tsinka a hannunmu take. Da zarar kin ga gindin ya fara sauya launi daga kore zuwa ruwan hoda ko rawaya-rawaya, ya ƙosa, zai nuna ya yi ja a inuwa. In hadari ya haɗu, a bi gona a kwashe irin waɗannan.

Hajiya Mai Tumatir: Malam, a nan kam ban yarda ba. Wanda ya nuna a jikin uwarsa ya fi daɗi da nauyi, masu saye sun sani.

Malamin Gona: Wanda aka tsinka ɗanye shar tun bai ƙosa ba, wannan kin yi gaskiya, lami yake fitowa. Amma wanda ya riga ya fara sauya launi ya tara mafi yawan abin da zai tara. Bambancinsa da wanda ya nuna a reshe kaɗan ne, kuma ko da akwai, ki auna shi da kwandon da ya dare.

Hajiya Mai Tumatir: Zan gwada a rabi, in bar rabi. Na kuma lura wani irin ya fi wani darewa a fangali ɗaya.

Injiniya Mai Rumfa: Haka yake, Hajiya. Manya masu faɗi da siririyar fata sun fi darewa, haka ƙananan nan masu zaƙi. Dogaye masu kaurin fata da aka tsara don sarrafawa sun fi juriya. Abin dariyar shi ne su ne kuma suka fi ruɓewar gindi. Kowane iri da inda yake da rauni, sai mutum ya duba wace matsala ce ta fi damun gonarsa kafin ya sayi iri.

Ɗan Autan Gona: Ni an ce min in rage ganye don rana ta samu 'ya'yan su yi saurin ja. Na rage sosai. Yanzu gefen da ke kallon rana ya yi fari fat, ya yi bororo, daga baya ya lotsa ya zama kamar takarda.

Baba Dattijo: Wa ya ba ka wannan shawara, ɗana?

Ɗan Autan Gona: Wani maƙwabcin gona, Baba.

Malamin Gona: Ƙunar rana ce. Ɗan tumatir da ke fuskantar rana kai tsaye jikinsa yana fin iskar wurin zafi nesa ba kusa ba, in naman ya haura digiri 40 na ma'aunin Salshiyas ya daɗe a haka sai ya dahu a tsaye. Ta fi kama kore da wanda ya fara sauyawa, musamman wanda ya saba da inuwa aka yaye masa ita rana ɗaya. Ba rage ganye kaɗai ke jawo ta ba. Cutar da ke ƙone ganyen ƙasa tana tone 'ya'ya, haka tushen da ya kife don ba a kafa masa sanda ba, haka masu tsinka da ke birkita reshe su bar shi a buɗe. Har wanda aka tsinka aka bari a kwando cikin rana yana ƙonewa.

Kuma hasken rana a jikin ɗan ba shi ke sa shi ja ba. Tumatir da ya ƙosa ko a ɗaki mai duhu zai yi ja. Zafi ke tafiyar da nuna, shi ma in ya wuce kima hana ta yake yi. Ganyen ƙasa da ya tsufa ko ya taɓa ƙasa, a cire. Wanda ke saman zubin 'ya'ya yana yi masa laima, a bar shi. Kai da ka riga ka cire, nemi ragar inuwa mai tare kamar kashi 30 na haske ka ɗaura ta ɓangaren da ranar yamma ke dukansu.

Ummu Lambu: Malam, maganar zafi na hana ja ta taɓo ni. Nawa ƙasansa yakan yi ja, kafaɗar kusa da hanci ta tsaya rawaya da tauri. Na bar shi ya ƙara kwana ko zai gyaru, sai ƙasan ya yi luguf kafaɗar tana nan. Da na yanka, ciki akwai wani farin nama mai tauri a bangon.

Injiniya Mai Rumfa: Ba za ta yi ja ba ko wata za ki ba ta, Yaya, domin naman wurin ya samu tangarɗa tun yana kore. Abu biyu ke haɗuwa. Sinadarin da ke ba tumatir ja, laikofin, shuka tana daina ƙera shi in zafi ya wuce kamar digiri 30 zuwa 32, mai ba da ruwan lemo da rawaya kuwa ya fi shi jure zafi. Kafaɗa ita ke sama, ita rana ke bugu. Na biyu ƙarancin fotash. Tumatir in ya fara ɗaukar 'ya'ya yana cin fotash fiye da naitirojin, mutane kuwa a daidai lokacin suke ƙara yuriya su mance da shi.

Alhaji Mai Taki: To ga inda zan kama ku. Ɗazu kun ce abubuwa suna kokawa da kalsiyam. Ai fotash ma yana cikinsu. Yanzu kuma kun ce a ƙara. Wanne za mu ɗauka?

Malamin Gona: Wallahi Alhaji ka kamo wuri mai kyau. Gaskiya ne, fotash in ya yi yawa yana danne kalsiyam da magniziyam, mutum ya gudu daga rawayar kafaɗa ya faɗa ruɓewar gindi. Shi ya sa ba a zuba shi da ka. A gwada ƙasa kafin dashe a san abin da ke ciki. In za a ƙara, a raba shi kashi-kashi daga lokacin da 'ya'yan farko suka ɗaura, kuma a ƙasa mai danshi. Inda ruwan ban ruwa ke da gishiri-gishiri, fotash na salfet ya fi na kulorayid sauƙi ga saiwa.

Ɗalibar Noma: In ƙara wani abu kan kafaɗa. Tsofaffin irin tumatir kafaɗarsu kore ce mai duhu tun suna ɗanye, su ne suka fi yin wannan matsala. Masu kiwon iri sun daɗe suna zaɓar waɗanda jikinsu ke kore bai-ɗaya don su nuna bai-ɗaya. A 2012 aka buga wani bincike a mujallar Science da ya nuna cewa canjin ƙwayar halittar da ke ba da wannan kyan launi yana kuma rage sukarin da ɗan ke tarawa. Wato an samu kyan gani an rage zaƙi.

Ni ma ina da tambaya. A gonar gwajinmu wasu manyan tumatir sun fito a murɗe, gindinsu da ramuka da tabo mai kauri ruwan ƙasa, wasu har kamar an ɗinke biyu wuri ɗaya. Ba ruɓa ba ce, a bushe suke.

Malamin Gona: Wannan tun furen yana toho aka yi ta. In dare ya yi sanyi ƙasa da kamar digiri 13 a makonnin da furen ke haɗuwa, kafin ma ya buɗe, mahaifar ɗan sai ta ginu a karkace. Manyan iri masu ɗakuna da yawa a ciki sun fi yi, kuma zubin farko ya fi. Da yanayi ya yi ɗumi na baya sukan fito daidai. Yawan naitirojin da tsananta yanke rassa suna ƙara ta. Amma ki duba ganyen saman tushen. In sun murɗe sun yi siriri, jijiyoyinsu sun miƙe a jere, to ba sanyi ba ne, maganin ciyawa ne irin 2,4-D, ko iska ta kwaso shi daga wata gona ko an yi amfani da injin feshin da aka taɓa zuba shi. Tumatir ba ya jure ko ɓurɓushinsa. Injin maganin ciyawa daban, na tumatir daban, wanki ba ya cika fitar da shi.

Akwai kuma ƙanwarta, wani siririn tabo da ke tasowa daga hanci har gindi kamar zif. Sashen furen mai ɗauke da gari ne ya manne a jikin ɗan yana girma. Fata kawai ya ɓata, cikin lafiya lau.

Ɗan Autan Gona: Wanda kuma za ka ɗauka ka ji shi sakayau, gefensa da kusurwa kamar tattasai, in ka yanka ciki fanko ba ruwa ba 'ya'yan iri fa?

Injiniya Mai Rumfa: Barbara ce ba ta kammala ba. 'Ya'yan irin da ke ciki su ke sa ruwan nan mai yauƙi ya cika ɗakunan, in sun yi kaɗan sai bango ya girma ciki ya zauna fanko. Furen tumatir kansa yake yi wa barbara, amma sai an girgiza shi garin ya zubo. A fili iska da wasu ƙudajen daji suna yi. A rumfa babu iska, don haka muke kaɗa igiyoyin da hantsi bayan raɓa ta bushe. A Beljiyam da Holan tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara sa manyan ƙudajen nan masu gashi da ke girgiza fure a cikin rumfuna. Ƙudan zuma na amya ba ya wannan girgizar, furen tumatir kuma ba shi da ruwan zaƙin da zai ja shi.

Zafi ma yana kashe garin. In rana ta wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 zuwa 24, fure yakan bushe ya kakkaɓe, wanda ya ɗaura ma ya fito fanko. Wannan babu abin fesawa. Sai dai a tsara lokacin dashe yadda fure ba zai faɗo tsakiyar zafi ba, ko a nemi iri mai jure zafi, ko a sa inuwa.

Mai Sayen Kaya: Ni ba manomi ba ne, saye nake in ajiye in sayar. Na sa wanda bai gama nuna ba a ɗakin sanyi don ya daɗe. Da na fito da shi ya ƙi yin ja sosai, fatar ta yi ƙananan ramuka, baƙar fumfuna ta kama wajen hanci. Daga gona ya zo da cutar ko?

Malamin Gona: Kada ka ɗora wa manomi, Malam, sanyi ne ya yi masa illa. Tumatir kore da ya ƙosa ba a ajiye shi ƙasa da kamar digiri 13, wanda ya nuna kuma kada ya daɗe ƙasa da 10. Firjin gida yana wajen digiri 4 zuwa 5, ka ga ya yi masa nisa. Illar ba ta nunawa yana ciki, sai an fito da shi ya ji ɗumi. In kana son ya nuna da kyan launi, tsakanin 18 da 21 ya fi, a inuwa mai iska, kuma kada a tula shi da zurfi.

Hajiya Mai Tumatir: To Malam, kar kuma mu tafi da cewa komai ruwa ne da zafi, mutum ya ga tsutsa ya tsaya yana auna danshi.

Malamin Gona: Allah ya kiyaye, Hajiya. A yanka a duba. In akwai ƙaramin rami kusa da hanci ko ƙarƙashin koren kambin, da baƙin kashi a bakinsa, ga kuma fararen hanyoyi a cikin ganye, wannan tsutsar sharon ce, wato Tuta absoluta. Tabo mai laushi mai zobe-zobe ruwan ƙasa a gefen da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, fangas ne, maganinsa a ɗaga shuka a kan sanda. Ƙananan tabo masu lotsawa a jikin wanda ya nuna, su ma fangas ne. Ita ruɓewar gindi wurinta ɗaya, a bushe take da farko, kuma ganyen tushen lafiyarsa ƙalau.

Akwai guda da ke ruɗa mutane. Farin ƙuda in ya yi yawa, 'ya'yansa da ke manne a bayan ganye suna tsotsa, tumatir yakan nuna rabi-rabi, ja da ratsin kore ko rawaya daga sama zuwa ƙasa, ciki kuma fari da tauri. Da ganinsa za ka ce ƙarancin fotash ne.

Ummu Lambu: To ni yaya zan bambance nawa? Farin ƙuda kam akwai shi a wurina.

Malamin Gona: Ki juya ganyen ƙasa da na tsakiya da sassafe. In kin ga ƙananan abubuwa shimfiɗaɗɗu ruwan ɗorawa manne da bayan ganyen, ganyen yana danƙo, wani wurin har ya yi baƙi kamar an shafa kunkunniya, to sun yi yawa. Sai ki duba inda rashin jan yake. Na fotash da zafi a kafaɗa yake zagayawa, na farin ƙuda kuwa ratsi yake yi a tsaye, har gindi. Ki yanka guda biyar a kwance ki turo mana hoton cikinsu da na bayan ganyen, kafin ki sayi fotash ko maganin ƙuda.